An ce za a wanke masa jini yana barci, kwana ɗaya ya rabu da ƙwaya: mu sayar da gonar?

Bashir Tudun Wada: Assalamu alaikum jama'a. Na fi mako ina juya maganar nan a raina kafin in kawo ta, don abin kunya ne a gidanmu, amma lokaci ya ƙure mana. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shekararsa 24. Ya fara shan tiramol tun yana zuwa haƙar zinare wajen Anka, wai don ya jure zaman rami. Yau shekara huɗu ke nan. Ya bar haƙar, ƙwayar ba ta bar shi ba, har ya haɗa da kodin. In bai sha ba ko alwala ba ya iya tashi ya yi. Sau biyu yana faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, na biyun a gaban mahaifiyarmu.

To an sa ranar aurensa bayan babbar Sallah. Sai aka haɗa mu da wani mai kai marasa lafiya ƙasar waje, ya ce akwai asibitin da za a yi masa allurar barci irin ta tiyata, a wanke masa jini cikin awa shida, ya farka ko warin ƙwaya ba ya son ji. Ya ce babu wahala ko kaɗan, don duk azabar a cikin barci za ta wuce. Kuɗin da ya yanka mana sai mun sayar da gonarmu ta gado da ke hanyar Bunguɗu. Mahaifiyarmu ta ce a sayar. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Don Allah wanda ya san wani abu a kai ya faɗa mini gaskiya.

Malam Nura: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Jama'a, maganar nan amana ce, kada wanda ya ɗauke ta ya kai wani wuri. Anti Rabi da Dakta Aliyu, in kuna kusa ku leƙo.

Alhaji Garba Ƙaura: Bashir, ni na san wanga aiki. Ɗan wani aminina anka kai, shekara biyu ke nan. Sun yi kwana tara sunka dawo, yaro ya yi haske, ya yi ƙiba, yanzu haka shina shagon ubanshi. Mi kuka tsoro? Gona ai don ɗiya aka aje ta. In kun tsaya jiran asibitocinmu na nan, sai a yi ta ba ku rana ana ɗagawa har biki shi zo shi wuce. Ku yi bisimilla ku kai shi.

Hafsat Samaru: Ni tambaya gare ni. Wankin jinin nan irin wanda ake yi wa masu ciwon ƙoda ne? Inji ne ke tace ƙwayar ya fitar?

Anti Rabi: Hafsat, kin yi tambayar da ta dace, don daga sunan ma ruɗin ya fara. Babu jinin da ake wankewa. Babu inji mai tacewa. Shekarata 16 ina aiki a ɗakin tiyata, ɓangaren sa barci, bari in faɗa muku abin da ake yi.

Tiramol da kodin da allurar fenta da hodar heroyin duk dangi ɗaya ne. A ƙwaƙwalwa da jijiyoyi akwai gurbin da suke zama. In mutum ya daɗe yana sha, jiki ya saba da zamansu a wurin, ya gyara komai nasa a kan haka. Ranar da ya daina, ƙwayar tana janyewa ne a hankali, shi ya sa ciwon ke ɗaukar kwanaki: hamma, hawaye, majina, gumi, amai, gudawa, murɗar ciki, ciwon ƙashi, rashin barci. To abin da waɗannan asibitoci ke yi shi ne su sa mutum barci, su zura masa bututu a maƙogwaro, na'ura ta riƙe masa numfashi, sannan su ɗura masa nalokson ko naltirekson. Aikin waɗannan magunguna shi ne tumɓuke ƙwayar daga gurbinta da ƙarfi, lokaci guda. Wato ciwon da zai bi jiki cikin mako, an tattaro shi an sauke masa cikin 'yan awoyi.

Mutum yana barci, gaskiya ne. Amma zuciyarsa ba barci take ba. Bugunta na hauhawa, jini ya hau, ciki ya tayar. Mai barcin tiyata ba ya iya tari, to in amai ya taso ya sami hanyar huhu, an shiga wani babin. Huhu na iya cika da ruwa. Amai da gudawa na zubar da gishirin jiki, musamman fotasiyam, in ya yi ƙasa sosai zuciya na iya rikicewa ta tsaya. Mu da muke sa barci don a ciro jariri ko a ɗinke hanji, muna yarda da haɗarin ne saboda in ba a yi aikin ba mutuwa ce. A nan kuwa ciwon daina ƙwaya, duk da azabarsa, ba kasafai yake kashe matashi mai lafiya ba in ana kula da ruwan jikinsa. An ɗauki abin da ba ya kisa an mayar da shi mai iya kisa, don kawai a gajarta kwanaki.

Kuma maganar ya farka garau ba haka ba ce. Da yawa suna farkawa ne cikin amai da kasala da rashin barci na kwanaki, sai dai a lokacin an sallame su, suna ɗakin otal, babu nas a kansu.

Alhaji Garba Ƙaura: Hajiya, ban raina saninki ba. Amma ni da idona nag ga yaron nan. Kuma kowane aiki na asibiti akwai haɗari, ko haihuwa. Turawa da sunka ƙirƙiro abin ai ba mahaukata ba ne.

Dakta Aliyu: Alhaji, Allah ya ƙara wa ɗan amininka lafiya, ba mai cewa ƙarya ka faɗa. Ana yi wasu su tsira. Amma tunda ka ambaci Turawa, bari mu ji abin da su suka gani da suka ƙirga.

A 2005 likitocin Jami'ar Kolombiya a Amurka suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi da mutum 106 masu shan heroyin. Suka kasa su uku: kaso ɗaya aka yi musu wannan na barci, kaso ɗaya aka bi da su ta bufrenofin, na uku ta kilonidin, magunguna biyu da ke sassauta ciwon daina ƙwaya ba tare da barcin tiyata ba. Waɗanda aka sa barci ba su fi sauran sauƙin ciwo ba bayan sun farka. Bayan mako 12, cikin 'yan barcin su 35 mutum 7 ne kawai suka rage a shirin magani. Kuma mutum uku da suka kai bakin mutuwa a gwajin duk daga cikin 'yan barcin suke: ɗaya huhunsa ya cika da ruwa, ɗaya ciwon sukarinsa ya rikice, ɗaya taɓin hankalin da ya ɓoye ya tashi har yana tunanin kashe kansa. Wannan fa a babban asibitin koyarwa ne, bayan an tace marasa lafiyar an zaɓi masu ƙarfin jiki.

Sai 2012, a wani asibitin kuɗi a birnin Niyok. Daga Janairu zuwa Satumba sun yi wa mutum 75. Biyu suka mutu, biyar aka garzaya da su wasu asibitoci cikin mawuyacin hali. Hukumar daƙile cututtuka ta Amurka ce ta wallafa wannan a 2013. A Ingila tun 2007 ƙa'idar likitoci ta ce kada a yi wa kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a jagorarta ta 2009 ta ce kada a haɗa irin su nalokson da naltirekson da barci mai nauyi. Inda abin ya rage shi ne asibitocin kuɗi masu talla, don aiki ne na kwana ɗaya da ake karɓar dubban daloli.

Bashir, ka tambayi mai kai ku ɗin abu biyu: mutum nawa suka mutu ko aka kai ɗakin kulawa ta musamman a wurin, kuma cikin waɗanda suka dawo mutum nawa ne ba su koma ba bayan shekara. Ka saurari yadda zai amsa.

Bashir Tudun Wada: Likita na gode. Amma waɗannan duk masu heroyin ne. Nawa ƙanen tiramol ne da kodin, ba su fi sauƙi ba?

Dakta Aliyu: Ta wata fuskar ma tiramol ta fi rikici. Ƙwaya ce mai fuska biyu. Tana zama a gurbin da Anti Rabi ta faɗa, sannan tana taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa irin waɗanda magungunan ciwon damuwa ke taɓawa. Naltirekson fuska ɗaya yake kamawa, ɗayar tana nan. Shi ya sa wasu masu daina tiramol farat ɗaya ke shiga firgici, ruɗewa, har gane-gane.

Ga kuma jijjigar da ka ce ya yi sau biyu. Tiramol ce ke kawo ta. Abin da NAFDAC ta amince da shi mai 50 ne da mai 100, kuma ko a asibiti ba a wuce miligiram 400 a yini. Na bayan fage kuwa mai 225 ne, guda biyu kawai sun haye iyaka, yaran nan kuma wani ya watsa biyar ko shida. Wanda ya taɓa jijjiga sau biyu ba shi ne za a girgiza wa ƙwaƙwalwa da gangan ba. Sannan ba kowace ƙwayar da ake kira tiramol ce tiramol ba. Binciken BBC na Fabrairun 2025 ya nuna ana shigo da wani haɗi daga Indiya na tafentadol, ɗan dangin tiramol, da wani maganin sakin jijiya, har gwamnatin Indiya ta haramta yin sa. Shi kansa mai sha bai san abin da ke cikinsa ba.

Alhaji Garba Ƙaura: To ni ku ba ni amsa. Yaye ba rana guda aka yin shi ba? A ɗauki yaro a kai ma kakarshi, shi yi kukan kwana biyu shi manta. In an ce a bi shi a hankali ai ba shi barin nono har shi yi gemu. Haka ƙwaya take, a yanke kawai.

Maman Ummi: Baba Alhaji, ka yi haƙuri, wannan fagenmu ne. Ranar ce guda, amma ba a ranar ake fara yaye ba. Wata da watanni yaron na shan kunu, yana cin tuwo, yana tafiya da ƙafarsa, nonon ya zama na marmari. Ɗauki jaririn wata uku ka cire shi a nono rana ɗaya ka ga abin da zai faru. Yaron nan na su Bashir ba shi da kunun da zai koma wa tukuna.

Sadiƙu: Ni ban cika magana a nan ba, amma wannan tawa ce. Shekara shida na yi ina sha. Na fara da kodin kafin a hana shi a 2018, da ya yi tsada na koma tiramol da roci, ƙwayar nan ta sa barci. Yanzu shekarata uku da wata biyu ban sha ba, alhamdulillahi.

Yaya Bashir, abin da 'yan'uwa ba sa ganewa shi ne kwanakin amai da gudawar nan ba su ne cutar ba. Ni sau huɗu ina wuce su. Sau biyu a kulle a ɗaki a gidanmu, sau ɗaya a hannun hukuma, sau ɗaya ni na kulle kaina a azumi. Kowane karo kwana bakwai zuwa goma jikina ya wartsake, a yi ta murna a gida, har sadaka aka yi. Kuma kowane karo na koma. Cutar tana zuwa ne a mako na uku, na biyar, wata na biyu. Ka kwanta barci ya ƙi zuwa har kiran assalatu. Abinci ba ɗanɗano. Hira ba daɗi. Ka zauna cikin mutane kana jin kamar an kwashe maka wani abu a ƙirji. Ka fito ƙofar gida, ga majalisarku can, ga mai kemis ɗin da ya san abin da kake so tun kafin ka buɗe baki. Wace allura ce za ta cire wannan cikin awa shida?

Abin da ya taimake ni: an kai ni Kware, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Sakkwato. Na kwanta makonni, aka bi da ni a hankali, aka gano ina da ciwon damuwa tun kafin in fara sha, aka ɗora ni a magani. Bayan na fito na yi ta komawa ganin likita fiye da shekara, duk da halin da hanyar nan take ciki. Kawuna ya ɗauke ni daga unguwarmu ya sa ni a shagonsa na ɗinki. Na zame sau ɗaya a wata na huɗu, bai kore ni ba, ya ce gobe ka zo da wuri.

Tambaya ɗaya zan yi maka. Shi kun tambaye shi? Yana so ya daina?

Bashir Tudun Wada: Gaskiya ba mu faɗa masa ba. Shawarar da aka yanke ita ce a ce masa duba lafiyarsa za a je yi saboda faɗuwar da yake yi. Mutumin ya ce haka ake yi, in ya farka ya ga an gama shi ke nan. In muka faɗa masa yanzu gudu zai yi.

Anti Rabi: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bashir, don girman Allah kada ku yi haka. Kafin in sa wa mutum barci sai na zauna da shi na tambaye shi duk abin da yake sha, nawa, yaushe ya sha na ƙarshe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda aka yaudara aka kawo ƙarya zai yi wa likita, kuma da ƙaryar za a auna masa magani. In yana haɗawa da roci ko diyazefam, naltirekson ba ya taɓa su, kuma yanke su farat ɗaya shi kaɗai yana kawo jijjigar da ke kisa. Duk asibitin da ya yarda ya kwantar da baligi mai hankali ya yi masa wannan ba da saninsa ba, ya riga ya nuna muku irin asibitin da yake.

Inna Hajo: Ɗiyata ka rubuta min, ni ban iya ba. Bashir ɗana, ka saurare ni.

Nawa yaron shekaratai 22. Munka kai shi gidan wani malami da ka tsare masu shaye-shaye, nesa da gida. Wata biyar shina can. Da munka je ɗaukar shi ya rame, ga tabon mari ga ƙahwahunshi, amma idonshi ya washe, ya riƙe hannuna yac ce Inna na tuba. Wallahi na yarda da shi, kuma har yau na yarda gaskiya yaf faɗi.

Kwana goma sha ɗaya da dawowatai abokanshi sunka zo gaishe shi. Da dare ya shiga ɗaki. Ina jin minsharinshi daga tsakar gida, wani irin minshari mai nauyi, nic ce ma ƙanwatai ku bar shi shi huta, ya daɗe bai yi barcin kirki ba. Da asuba ubanshi yat tahi tashe shi sallah. Ya yi sanyi.

Wanda sunka sha tare yaz zo ta'aziyya shina kuka, shina rantsuwa wai abin da sunka saba sha ne, bai ƙara ko guda ba. Ni a lokacin na ɗauka ƙarya shikai. Sai daga baya wata nas tac ce min gaskiya ne, jikinshi ne ya manta.

Shekara biyar ke nan. Abin da ka cina ba kai shi da munka yi ba ne kaɗai. Minsharin nan ne. Ina zaune ina jin ɗana na mutuwa ina cewa a bar shi shi huta. Da wani ya taɓa hwaɗa min kalma guda, da na tashe gari.

Kada ku yi murna da wuri. Ranar da kunka ga ya warke, ranar za ku hwara tsaro.

Malam Nura: Allahu akbar. Inna, Allah ya jiƙansa, ya sa tubansa ta karɓu, ya ba ki haƙuri.

Hafsat Samaru: Allah ya gafarta masa Inna. Wallahi na kasa riƙe hawaye.

Dakta Aliyu: Inna, Allah ya jiƙansa. Ba laifinki ba ne, ba a sanar da ku ba, kuma wannan nauyinmu ne mu ma'aikatan lafiya. Abin da nas ɗin ta faɗa miki haka yake. Jikin da ya saba da guda shida, in ya yi makonni babu, ya koma kamar na wanda bai taɓa sha ba. Ranar da ya zame ya sha adadin da ya saba, numfashi ne ke tsayawa. Shi ya sa makonnin farko bayan fitowa daga kurkuku ko gidan tsarewa suka fi kowane lokaci kisa. Wannan aikin na barci kuwa yana kai mutum wannan matsayi cikin kwana ɗaya. Ƙwayar naltirekson da ake sallamarsa da ita tana tsare shi ne muddin yana sha, ya bari kwana biyu ko uku kariyar ta tafi.

Kowa ya riƙe waɗannan alamu: minshari mai nauyi ko gargara, numfashi jefi-jefi, an girgiza shi bai farka ba, baƙin idonsa ya tsuke kamar kan allura, leɓe da farce sun yi duhu. Kada a ɗura masa madara ko manja, huhu za su tafi. A kwantar da shi a gefe, a ɗaga haɓarsa, a yi asibiti da shi nan take, a faɗa musu abin da ya sha ba ɓoye-ɓoye. Allurar nalokson a nan ne take ceton rai.

Malam Lawali: Ina so in ƙara wani abu ta fuskar addini, don na ga gidaje da yawa kunya ce ke tura su gaggawa. Giya ba rana ɗaya aka haramta ta ba. An fara da cewa zunubinta ya fi amfaninta, sannan aka hana kusantar sallah cikin maye, sannan hanin ƙarshe ya sauka a Suratul Ma'ida. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ce da farkon abin da ya sauka shi ne kada ku sha giya, da mutane sun ce ba za mu bar ta ba har abada. Kuma akwai sahabin da aka sha kawowa saboda shan giya, wani ya la'ance shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Duk biyun suna cikin Bukhari.

Jamilu Gada Biyu: Malam, amma da ayar ƙarshe ta sauka ai take aka zubar da ita a titunan Madina. Hukunci ya riga ya tabbata. Kada matasa su ji wannan su ce an ba su lasisin ragewa a hankali.

Malam Lawali: Gaskiyarka Jamilu, haramcin ya tabbata, ban ce a sha don nishaɗi ko ƙwaya ɗaya ba. Niyyar bari take ake ɗaura ta, yau ba gobe ba. Amma yadda za a sauke jikin da ya kamu ba tare da an halaka shi ba, wannan magani ne, kuma masaninsa ake tambaya. Abin da likita ya auna ya ba mara lafiya don ya raba shi da cuta ba ɗaya yake da abin da ya saya a bayan tasha ba. Addu'a da ruƙiyya a yi, a haɗa da asibiti. Mari da duka kuwa, mun ga abin da aka fito da shi daga gidajen mari na Rigasa da Daura a 2019.

Hafsat Samaru: Ni akwai abin da ke damuna tun farko, kowa ya tsallake shi. Yarinyar fa? Iyayenta sun sani? Duk saurin nan don a rufe ne kafin biki. Yayata haka aka yi mata, sai a ɗakinta ta gano, tana da ciki wata biyu. Kayan ɗakinta ɗaya bayan ɗaya suka tafi. Yaya Bashir ka yi haƙuri, amma in ƙanwarka ce za ka yarda a yi mata haka?

Alhaji Garba Ƙaura: Ke yarinya, asirin gida ba a kai shi gidan surukai. Aure shi kanshi magani ne, in ya ga nauyi bisa kai shi natsu.

Hafsat Samaru: Baba, da girmanka, 'yar mutane ba asibiti ba ce.

Bashir Tudun Wada: Hafsat ba ki yi laifi ba. Ba su sani ba. Ni ma abin yana ci na. To Likita, in ba wannan ba, me za mu yi? Kada ku rushe mana wannan ku bar mu a tsaye.

Dakta Aliyu: Farko ka zauna da shi kai kaɗai, ba taron dangi ba, ba faɗa. Ka ce masa faɗuwar nan ta tsorata ka. Ka tambaye shi me yake sha, nawa a yini. Sannan ku ga likitan ƙwaƙwalwa. Ku fara da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a nan Gusau ko asibitin Yariman Bakura, in ana buƙatar kwanciya za a tura ku Kware ko Barnawa a Kaduna. Hukumar NDLEA ma tana da masu ba da shawara, ba kamu kaɗai take yi ba.

Likita zai duba jijjigar, ya duba hanta da ƙoda, ya duba ko akwai damuwa ko wani ciwon a ƙasa. Yawanci ana rage ƙwayar ne mataki-mataki, ana ba da maganin amai, gudawa, ciwon jiki da na barci. Ga wanda abin ya yi wa nisa, a duniya abin da aka tabbatar ya fi rage mutuwa shi ne metadon ko bufrenofin na dogon lokaci, magungunan da likita ke maye gurbin ƙwayar da su, suna rage ta da kusan rabi, kuma tun 2005 suna jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Matsalarmu a nan samunsu ne, ba ko'ina ba, wannan kuma abin da ya kamata mu riƙa tambayar gwamnati ne. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 ne ke shan irin su tiramol ba bisa ƙa'ida ba a Najeriya. Gadajen da muke da su ba su kai ko kusa ba.

Naltirekson ba mugun magani ba ne, yana da wurinsa: bayan mutum ya yi kwana 7 zuwa 10 babu ƙwaya a jikinsa, da saninsa, da yardarsa.

Gonar kuwa ku riƙe ta. Za ku buƙaci kuɗin mota, na magani, da jarin sana'ar da zai kama, na shekara ɗaya ko biyu.

Alhaji Garba Ƙaura: Na kira aminin nawa yanzu don in kawo muku hujja. Gaskiya ɗaya ce, zan hwaɗi abin da yac ce. Yaron ya koma sha wata uku bayan dawowa, sun ɓoye ne. Daga baya sunka kai shi wani wuri ya kwanta wata biyu, kuma har yanzu ubanshi ka riƙe mai kuɗɗin shago. Shi dai ya ce bai yi nadamar tahiyar ba. Ni kuma har yanzu ina ganin jinkirin asibitocinmu shi ka kora mutane waje, wannan ba ni janye shi.

Anti Rabi: Wannan kam ba mai musa maka, Alhaji. Allah ya saka da alheri da ka dawo ka faɗa.

Bashir Tudun Wada: Salam jama'a. Kwana biyu ban leƙo ba. Daren jiya na ɗauke shi a mashin muka je bakin dam muka zauna. Na yi yadda Likita ya ce. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya fara. Guda bakwai yake sha a yini, ba uku da muke zato ba. Kuma akwai roci kowane dare, fiye da shekara, ba wanda ya sani. Da mun tafi da shi a yadda muka shirya, da ba mai faɗa wa likitocin can. Ya ce sau uku yana gwada bari shi kaɗai, a kwana na biyu yake kasawa. Ya ce auren ma tsoronsa yake ji. Ya yi kuka, ni ma na yi.

Ya yarda mu ga likita ranar Litinin, amma ya ce ba zai kwanta ba, kuma kada a sa masa mari. Na yi masa alkawarin mari, na kwanciya ban yi ba. Maganar gidan yarinyar na kai wa kawunmu, ya ce a bari a ji ta bakin likita tukuna, ni kuma na ce masa ba za a ɗaura ba sai sun sani.

Saura mahaifiyarmu. Mutumin nan ya kira ta sau huɗu jiya, ya ce gurbi zai wuce mu, har ya kawo mai sayen gonar. Ita gani take muna yi wa ɗanta rowa. Ni ba ta jin maganata a kan wannan. Ko akwai babbar mace da za ta zo ta zauna da ita?

Inna Hajo: Ni za ni zo. Ka turo ma ɗiyata kwatancen gidan, gobe bayan la'asar in Allah ya yarda.

Sadiƙu: Ranar Litinin in ba damuwa zan raka ku. Zaman jiran layin nan shi ne inda mutum ke canza shawara, gara a samu mai yi masa hira.

Anti Rabi: Bashir, kafin Litinin kada kowa ya kwashe masa ƙwayoyin ya zubar don zafin zuciya, musamman rocin, likita ne zai tsara yadda za a sauke shi. Kada ya hau mashin shi kaɗai, kada ya kwana shi kaɗai a ɗaki. Ku taho da fankon duk abin da yake sha, har kwalbar, a gani da ido. Ku fito da wuri, kati ake fara yanka.